Lissafin Mummunar Rana

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Tun hantsi nake jin ku kuna cewa aikin sola ba wani abu ba ne, ja da ja, baƙi da baƙi, a ɗaure a tashi. Wai ma ɗayanku bidiyo uku ya kalla ya zama injiniya. To madalla, injiniya, ga benci nan zauna. Ni Sada, shekara talatin da ɗoriya ke nan ina shaƙar hayaƙin dalma a garin Ƙanƙara, kuma har gobe ba na kunna ayan, ƙarfen narka dalma, sai na zauna da takarda da biro. Haɗa waya kowa ya iya. Aikin shi ne ka tambayi kanka wace rana ce mafi muni da na'urar nan za ta gani a rayuwarta, sannan ka ƙera ta yadda za ta wuce wannan ranar tana aiki. Ni abin da nake kira lissafin mummunar rana ke nan.

A Faskari na koya, wajen Malam Idi mai rediyo, Allah ya jiƙan shi. Wata uku na yi a shagonshi bai bari na taɓa ayan ba, kuma ayan ɗin ma na jan ƙarfe ne da ake ɗorawa kan gawayi. Wata rana ya juye mani ƙullin rizisto a kan faifai, waɗannan 'yan ƙananan masu zanen launi da ke rage ƙarfin wuta, ya miƙo mani mitarshi mai allura. Ya ce duk lambarsu ɗaya, in auna in faɗa mashi. Na auna goma, babu biyu da suka zo daidai. Na ce, "Malam, mitar nan ta lalace."

Ya ce, "Kanka ne ya lalace. Dubi zoben ƙarshe, wane launi ne?"

Na ce ruwan zinare.

Ya ce, "To wanda ya ƙera shi ne ke gaya maka zai iya wuce lambar ko ya kasa ta da biyar cikin ɗari. Bai ɓoye maka ba, ya faɗi iyakar kuskurenshi. Kai kuma in za ka yi lissafi, ka ɗauka duka sun karkata ɓangaren da zai cuce ka, kuma duk a rana ɗaya."

Ni da ƙuruciya sai na ce haba Malam, ta yaya duka za su haɗa baki rana ɗaya? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, ban taɓa ganin gidan da yaro ya kwanta ciwo, jaki ya tsinke, baƙi kuma suka sauka duk kafin azahar ba? Na ce gidanmu ma an yi. Ya ce to ci gaba da awo. Rediyon da ya gyara ba ya ba mai shi sai ya ɗora shi kan kwanon shago da tsakar ranar bazara ya bar shi yana magana, sannan ya sa mashi batirin da ya kusa mutuwa ya ji ko zai riƙe tasha. Masu kaya suna mita, shi ko a jikinshi.

Da rediyo ya ja baya sola ta shigo, sai na koma ƙera kwanturola ta rijiyar burtsatse. Akwati ne da ke zama tsakanin farantan sola da sumo, wato injin da ake zurawa can ƙasan rijiya. Yana karɓar duk wutar da rana ta ga damar bayarwa, ya daidaita ta ya miƙa wa injin, in ruwa ya ja ƙasa kuma ya tsayar da shi kada ya ƙone. Na yi suna da wuri, kuma ba zan ɓoye maku ba, kaina ya kumbura.

Aikin lambun Alhaji Lawal a Ƙetare shi ya sauke ni. Na yi mashi akwati, na lissafa zafi kamar yadda aka koya mani, na gasa shi kan kwano kwana uku bai ko yi tari ba. Ya yi aiki duk damina da kaka. Sanyi na shigowa, wata safiya sai ji aka yi fau, hayaƙi ya tashi. Na je na canza kafasito, wanda yake tara wuta kamar randa, na ce ai jabu aka sayar mani. Bayan mako guda ya sake fashewa, kuma da safe. Na sake canzawa, ya sake. Kwana tara lambun ba ruwa, dashen tumatir da tattasai da ya ɗora ranshi a kai ya kwanta ƙasa. Alhaji Lawal bai zage ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam Sada, zo ka ɗauki akwatinka." A shekarar nan tocila da fanka kaɗai ake kawo mani gyara, in na ratsa kasuwa ina jin ana cewa ga mai akwatin da ke fashewa.

Na ɗauki gawar akwatin na tafi Faskari. Malam Idi lokacin idonshi ya yi rauni, bai ko karɓa ya duba ba. Ya ce wane lokaci yake fashewa? Na ce da safe, rana na fitowa. Ya ce, "Ka taɓa auna farantan da sanyin safiya?" Na ce a'a. Ya ce, "Zafi ka tambaya ya ba ka amsa. Koma ka tambayi sanyi."

Na koma Ƙetare ana sallame asuba, da mita a hannu ina rawar ɗari. Ashe farantin sola in ya yi sanyi ƙarfin wutarshi hawa yake, ya wuce na tsakar rana. Ga ma'aikatan lambun kuma sun saba da sassafe su wanke farantan da ruwan rijiya saboda kashin tsuntsaye. Faranti tas, sanyi ƙalau, injin bai fara ja ba, rana ta buge shi. Allurar ta wuce abin da kafasitona zai iya ɗauka ina tsaye ina kallo. Laifina ne ni kaɗai, na je na faɗa wa Alhaji Lawal haka a gaban mutanenshi.

Yanzu ku saurari aikin da nake so ku ji. Bayan wasu shekaru wata dattijuwa ta sauka daga mashin a ƙofar shagon nan, ɗauke da ƙonannen akwati a cikin buhu. Hajiya Rabi sunanta, ita ce shugabar matan wata unguwa can bayan Damari, ƙasar Sabuwa. An haƙa masu rijiya da tanki da famfo, amma akwatin da aka kawo na kanti ne, sau biyu yana ƙonewa. Ta ajiye buhun ta ce, "Malam Sada, an ce kai kake ƙera naka. In rijiyar nan ta tsaya, sai rafi. Rafin kuma yana bakin daji. Bara a hanyar rafin aka ɗauke mamu 'yan mata biyu, da ƙyar Allah ya dawo mamu da su." Ta ƙara da cewa hanyarsu takan rufe, a yi watanni ba mai shiga ba mai fita, balle mai gyara.

Kun ji bambancin? Akwatin lambu in ya mutu tumatir ne ke bushewa. Wannan in ya mutu, ɗiyan mutane ne za su ɗauki jarka su nufi bakin daji.

Ta ce in ƙera mata nawa a kwana uku. Na ce mako uku. Ta miƙe tsaye ta ce, "Mako uku? Kai kana da ɗiya mace kuwa?" Na ce, "Hajiya, uku gare ni, shi ya sa. In na yi maki na kwana uku, zai mutu ranar da ba zan iya zuwa ba." Ta harare ni ta ɗauki jakarta, amma buhun ta bar shi.

Washegari na bi motar kasuwa na je na ga wajen da idona, don ba a lissafin mummunar rana daga kan benci. Faranti takwas ne jere. Na auna su da sanyin safiya bayan Malam Audu mai kula da rijiyar ya wanke su, don shi ma da asuba yake wanki, kuma na san ko na hana shi ba zai daina ba. Na tambayi tsofaffi inda ruwa ke tsayawa a rijiyoyinsu a ƙarshen bazara, a shekarar da aka fi shan wuya. Wayar da aka ja zuwa injin siririya ce, na rubuta. Na buɗe tsohon akwatin, zanzaro ya gina ɗakunan laka ya toshe ramukan iska, 'yar fankar ciki ta ƙage, ga busasshen ƙadangare kwance kan allon wayoyin. Duk na rubuta.

Da azahar na shiga masallacinsu, ina sallame salla na ɗaga kai sai na ga agogon bango huɗu. Huɗu fa, a masallacin da bai fi sahu uku ba. Na tambayi Malam Audu, ya ce wannan wane ya kawo da ya dawo daga Makka, wancan sadaka ce ga mahaifin wane, kuma ai ba a mayar wa mutum da sadakarshi. Na ce a raina, mutanen da suka ba masallaci agogo huɗu, wata rana sai sun ba rijiya faranti. Ga shi kowane faranti da aka ƙara a jerin, ƙarfin wutar hawa yake. Babu littafin da zai gaya maka ka sa kirkin mutane cikin lissafi, amma ni na sa. Na lissafa da faranti goma, a safiya mafi sanyi, an wanke su tas, kowanne kuma ya ba da fiye da abin da aka rubuta a bayanshi. Sha ɗaya kam ba hali, kayan da za su ɗauki wannan ban iya samunsu ba.

Na dawo shago na duƙufa. Fanka na ce ba zan sa ba, duk abin da ke juyawa wata rana zai tsaya. Maimakonta na zana wani ƙaton ƙarfe mai haƙora da zai riƙa janye zafi, na kai wa masu zubin tukunyar alminiyam a bayan kasuwa. Suka yi ta dariya, wai mashacin kan wace ƙatuwa ce wannan. Sau biyu suna zubawa ina mayarwa saboda akwai kumfa a ciki. Ramukan iska na rufe su da ragar rariya, na juyar da su ƙasa.

Wajen da ya fi cin raina shi ne inda akwatin zai yanke wuta don kare kanshi. Rizisto huɗu ne ke yanke wannan hukunci. In duk suka karkata gefe guda, zai makara bai yanke ba har ya ƙone. In suka karkata ɗaya gefen, zai yanke tun ba a kai ko'ina ba, ruwa ya tsaya a ranar da lafiya lau take. Ku kuna ganin na biyun ba matsala, tunda ba abin da ya ƙone. To ga yarinyar da aka aika rafi duk ɗaya ne, famfo ne bai kawo ba. Dole na lissafa gefe biyun, da zafi da sanyi, da kuma tsufa, don kafasito in ya shekara biyar a zafinmu ba shi ne wanda ka saya ba. Takarda ta cika na juya baya. Na auna rizisto ya fi ɗari kafin na zaɓi huɗu, su ma ban yarda da su ba, na lissafa su a kan mafi munin halinsu.

Duk kwanakin nan mazan unguwar ne ke raka matan rafi da sanduna. Kullum da la'asar wayata sai ta yi ƙara. Hajiya Rabi ba ta gaisuwa mai tsawo, cewa take, "Malam Sada, yau ma sun je." Sai ta kashe. A kwana na goma sha biyu akwatin ya tashi a kan benci, yana aiki sumul, kuma na san in na kai shi a ranar kowa zai sa mani albarka. Na ɗauko buhu har na buɗe bakinshi. Sai na mayar na ajiye, na hau da akwatin kan kwano. A kwana na biyu a rana wani taranzisto, ɗan abin da ke buɗe wuta ya rufe, ya fara zafin da ban yarda da shi ba, na sauko na canza mashi mazauni. Daga nan na naɗe shi a leda na roƙi mai sayar da zoɓo ya sa mani a firjinshi, na fito da shi yana raɓa na ba shi wutar faranti goma. Ya ɗauka.

Ranar da na kai shi mutane suka taru suna kallo. Akwati ne mummuna, nauyi kamar dutsen niƙa, haƙoran alminiyam a waje. Wani ya ce na kanti ya fi kyau. Na ce ƙwarai kuwa, ga shi can cikin buhu. Na canza siririyar wayar, na ɗaure, na ce bismillah. Da ruwa ya faɗa tanki mata suka ɗauki guɗa. Hajiya Rabi ba ta yi guɗa ba, tambayata ta yi, "Zai kai yaushe?" Na ce sanin gaibu sai Allah, amma duk ranar da na iya hangowa na shirya mata. Na tara su ita da Malam Audu na ce don Allah kada a ƙara faranti ko ɗaya. Suka ce to. Ni kuwa na san irin wannan to ɗin, ni ma ɗan ƙasar nan ne.

Ba a yi wata biyu ba hanya ta rufe. Mota ta daina shiga, layin waya ma ya ɗauke. Wata biyar ban ji ɗuriyarsu ba, kuma sanyin shekarar gaba ɗaya a cikin watannin nan ya faɗo. Duk safiyar da na fito alwala na ji ruwan buta yana yankan hannu, sai in ce yanzu Malam Audu yana can yana wanke faranti. In na zo shago in ɗauko takardar lissafin in sake bi, ko akwai abin da na tsallake.

Ranar da aka ce motar kasuwa ta shiga, ina cikin ta biyu. Tun daga nesa na hango tanki yana zubar da ruwa ta sama, na ce alhamdulillahi da ƙarfi har direba ya waigo. Na sauka na ɗaga kai na ƙirga farantai. Goma! Malam Audu yana sosa ƙeya ya ce wani bawan Allah ne ya kawo biyu, sadaka ga mahaifiyarshi, ɗan ƙanen mutumin da ya iya waya ya haɗa. Ya ce ai ya tuna maganata, amma ya za a yi a ce wa mutum a'a? Sannan ya ja ni zaure ya nuna mani na sha ɗaya jingine da bango, an lulluɓe shi da zane. Na Malam Garba ne, wani dattijo da ya sayar da tunkiya ya saya, ranar Juma'a za a ɗora.

Na kwana a garin, da asuba na tara su a gindin farantan. Malam Audu ya yi wankinshi, rana ta leƙo, na sa mita. Allurar ta tashi tana hawa, tana hawa, ta zo gab da jan layin da na zana da biro a mitar, iyakar abin da akwatin zai ɗauka, ta tsaya. Tsakaninsu bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, ga shi sanyin ma ya fara ja da baya. Na nuna wa Malam Garba na ce, "Baba, ka ga nan? In naka ya hau, nan za ta wuce, akwatin ya tafi." Ranshi ya ɓaci, ya ce, "Yanzu ni sadakata ce za ka hana?" Na ce, "Ni wa, in hana sadaka? Wajen zama zan canza mata." Na haɗa mashi farantinshi shi kaɗai da ɗan batir, na sa fitila biyu a bakin famfo don masu ɗiba da asuba. Ya zagaya ya duba, ya ce a rubuta sunan mahaifinshi a jikin sandar fitilun. Na rubuta da fenti da hannuna.

Shekara huɗu ke nan, akwatin nan ko fis ban canza mashi ba. Ina faɗa da bakina, ban taɓa ƙera abin da ya kai shi ba. Watan jiya aiki ya kai ni Sabuwa, na ce bari in ƙarasa in gaida su. Na tarar da Hajiya Rabi zaune kan kujera 'yar tsugunno a bakin famfo, ƙafa ta fara ba ta wahala, jikarta 'yar shekara bakwai tana tara ruwa a ɗan bokiti. Muka gaisa, sai na ce bari in tsokani yarinyar. Na ce, "Ke 'yar gidan Hajiya, in famfon nan ya ƙi kawowa, ta ina ake bi a je rafi?"

Ta dube ni, ta juya ta dubi kakarta, ta ce, "Hajiya, wane rafi?"

Hajiya Rabi ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuma na durƙusa na buɗe akwatin, na daɗe ina duba abin da na san lafiyarshi ƙalau.